Da tsohuwar zuma ake magani: Rayuwar malamar da ta mayar da tsufa fannin karatu



A sahun farko na masallacin da nake limanci akwai wani dattijo da ya shafe shekaru 35 yana aikin gwamnati a ɓangaren lissafin kuɗi. Ya yi ritaya da ƙarfinsa, idonsa garau, hankalinsa daram. Tun ranar da aka yi masa walimar sallama babu wanda ya sake neman shawararsa a kan abin da ya ƙware a kai. Kwanakin baya ciwon suga ya matsa masa, na raka shi wani asibiti. Wurin yankar kati yana ƙasa, ɗakin likita yana saman bene, wurin gwajin jini yana can bayan gini, wurin biyan kuɗi kuma a bakin ƙofa. Kafin azahar mun hau bene sau uku, yana hawa yana hutawa, yana dafe da kafaɗata. Likitan da ya duba shi ƙwararre ne mai fara'a, ma'aikatan jinya ma sun yi iya ƙoƙarinsu. Ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Abin da na gani shi ne an tsara wurin kamar duk wanda zai zo neman magani matashi ne mai ƙwarin gwiwa.

A hanyarmu ta komawa na yi ta tambayar kaina: wane ne ke koyar da masu tsara irin waɗannan wurare, kuma me ake koya masu game da tsoho? Wannan tambaya ce ta kai ni ga wani fanni da ɗalibanmu ba su cika jin labarinsa ba. A jami'o'in Amurka akwai malamai da ke ƙarar da rayuwarsu suna karantar da ilimi uku a haɗe: ilimin zamantakewa, da ilimin tsufa, da ilimin tafiyar da asibitoci. Daga cikin waɗanda suka share wannan hanya akwai wata mata mai suna Matilda White Riley. Tarihinta nake so mu duba a yau, domin akwai abin ɗauka a cikinsa ga ɗalibi mai neman fannin da zai karanta, da magidancin da ke riƙe da tsohon uba ko tsohuwar uwa a gida.

Wace ce Matilda Riley?

An haife ta a birnin Boston a shekarar 1911, ta tashi a garin Brunswick na jihar Maine, can arewa maso gabashin Amurka. Ta kammala digirinta na farko a Kwalejin Radcliffe a 1931, wato ɓangaren mata na Jami'ar Harvard a wancan zamani. A shekarar ce kuma ta auri John Riley, wanda shi ma masanin zamantakewa ne. Sun zauna tare kimanin shekaru 70, suna bincike da rubutu kafaɗa da kafaɗa har mutuwa ta raba.

Hanyarta zuwa kujerar farfesa ba miƙaƙƙiya ba ce. Ta ɗauki shekaru tana aiki tare da mahaifinta a wani kamfani mai binciken kasuwa, inda aikinsu shi ne gano abin da jama'a ke saya da dalilin da ya sa suke sayen sa. A nan ta goge wajen sanin yadda ake zaɓar mutane kaɗan a tambaye su, amsarsu ta wakilci ta dubbai. Daga 1949 zuwa 1960 ita ce ke tafiyar da ofishin ƙungiyar masana zamantakewa ta Amurka. A 1950 ta fara koyarwa a Jami'ar Rutgers, ta zauna can har 1973. Daga nan ta koma garin da ta tashi, inda ta zama mace ta farko da ta kai matsayin cikakkiyar farfesa a Kwalejin Bowdoin.

A tsakanin 1968 da 1972 ita da abokan aikinta suka fitar da wani babban littafi mai juzu'i uku a kan tsufa da al'umma. Juzu'i na farko ya tattara abin da bincike ya tabbatar game da tsofaffi zuwa lokacin, aka tace shi daga zato da jita-jita. Na biyu ya fuskanci masu sana'o'in da ke hulɗa da tsoho, irin su likita da ma'aikacin jinya da jami'in jin daɗin jama'a, ya nuna masu inda sakamakon binciken ya shafi aikinsu. Na uku shi ne ya shimfiɗa mahangarta game da yadda shekaru ke raba al'umma hawa-hawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru a 1979. Tana da shekaru 68, lokacin da sa'o'inta suka riga suka ajiye aiki, sai Dakta Robert Butler, shugaban farko na cibiyar binciken tsufa ta gwamnatin Amurka wadda aka kafa a 1974, ya gayyace ta ta kafa sashen binciken halayya da zamantakewa. Ta karɓa, ta jagoranci sashen fiye da shekaru goma, ta ci gaba da bincike a cibiyar har ta haura 80. A tsakiyar shekarun 1980 ta shugabanci ƙungiyar da ta taɓa yi wa aikin ofis. Ta rasu a 2004 tana da shekaru 93. Wani babban kaso na aikin da ake tunawa da ita a kansa ta yi shi ne bayan shekarun da aka saba cewa mutum ya gama amfani.

Kuskuren da ta gyara

Kafin zamaninta, hanya mafi sauƙi ta nazarin tsufa ita ce a tara matasa da tsofaffi a rana ɗaya, a yi masu gwaji iri ɗaya, duk bambancin da aka samu a ce tsufa ne ya kawo shi. Da aka yi gwajin basira ta wannan hanya, tsofaffi suka zo a baya, sai aka yanke hukuncin cewa ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa tun da wuri. Riley tana cikin waɗanda suka nace cewa wannan lissafi da gyara.

Bari in kawo misali daga gida. A ce baƙo ya sauka a wani ƙauye, ya tarar dattawa suna rubutu da ajami, samari kuma suna rubutu da boko. In ya koma ƙasarsu ya ba da labari cewa a wannan gari duk wanda ya tsufa mantawa yake da boko ya koma ajami, kowa ya san ya yi kuskure. Dattawan nan ba su taɓa shiga ajin boko ba balle su manta. Bambancin na tsara ne: kowace tsara da makarantar da ta samu, da abincin da ta ci, da yunwa ko yalwar da ta ratsa. Haka tsofaffin Amurka da aka gwada, yawancinsu sun tashi ne a lokacin da karatu bai yaɗu ba. Da wasu masu bincike, irin su Warner Schaie da ya fara nasa a birnin Seattle a 1956, suka riƙa bin mutane ɗaya suna sake gwada su shekara da shekaru, sai ta bayyana cewa ɓangarori da dama na basira suna daɗewa ba su raunana ba.

Daga nan Riley ta fitar da ƙa'idarta: yadda mutane ke tsufa ba abu ne da ya tsaya cak ba, yana sauyawa gwargwadon sauyin al'ummar da suka rayu a ciki, su kuma in sun sauya sai su sauya al'ummar. Ma'anar wannan ga mai tsara asibiti babba ce. Tsohon da zai zo nan da shekaru 30 shi ne matashin yau mai yawan zama a kan kujera da shan kayan zaƙi, kuma cututtukansa da buƙatunsa ba za su zama irin na kakansa manomi ba.

Lokacin da tsari ya makara

Mahangarta ta biyu ita ce ta fi shahara. A 1900 matsakaicin tsawon rai a Amurka bai wuce shekaru 47 ba, kuma waɗanda suka kai 65 kusan kashi 4 ne cikin ɗari na jama'a. Zuwa shekarar 2000 tsawon rai ya kai wajen 77, masu shekaru 65 zuwa sama kuma sun haura kashi 12. An samu ƙarin kusan shekaru 30 a rayuwar mutum cikin ƙarni ɗaya. Amma dokokin aiki da tsarin makarantu da na fansho sun tsaya a inda suke. Dokar fansho ta 1935 ta sa shekaru 65 a matsayin ƙofar fita, mutane kuma suka ci gaba da rayuwa shekaru 15 ko 20 a bayan ƙofar, da lafiyarsu, babu wani gurbi da aka tanadar masu. Wannan shi ne abin da ta kira makarar tsari: mutane sun yi gaba, tsari yana jan ƙafa a baya.

Ta lura cewa an yanka rayuwa gida uku kamar an sa wuƙa. An ba yaro karatu, an ba magidanci aiki ba hutu, an ba tsoho hutu ba aiki. Magidanci yana nishi saboda nauyi ya yi masa yawa, tsoho yana ƙorafi saboda an sauke masa komai. Shawararta ita ce a buɗe ƙofofin nan uku ga kowane mataki na rayuwa, ta yadda mai shekaru 60 zai iya komawa aji, mai shekaru 40 zai iya samun sarari ya kula da iyayensa, mai shekaru 70 kuma zai iya yin aikin da ya dace da ƙarfinsa. Da wannan ta saɓa wa wata mahanga da ta yi tashe a 1961, wadda ke cewa janyewar tsoho daga jama'a ɗabi'a ce kuma alheri ce gare shi da al'umma. Sannu a hankali doka ma ta biyo baya: a 1986 Amurka ta soke tilasta ritaya saboda shekaru a yawancin ayyuka, malaman jami'a kuma suka shiga ciki daga farkon 1994.

Dattijon masallacinmu bai taɓa jin sunan wannan mata ba, amma bayaninta ya zauna a kansa kamar an auna shi. A Najeriya ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekaru 60 da haihuwa ko 35 na aiki, sai wasu rukunai kamar farfesoshi da aka ɗaga wa zuwa 70. Sauke nauyin ofis daga kan dattijo ba aibu ba ne. Abin tambaya shi ne me muka tanadar masa bayan haka.

Inda ilimin ya haɗu da asibiti

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne haɗin wannan da tafiyar da asibiti? Tarihi ne ya haɗa su. Jami'ar Chicago ce ta fara buɗe karatun gaba da digiri a fannin tafiyar da asibiti a 1934. A 1965 gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta kafa shirin Medicare, inshorar lafiya ga masu shekaru 65 zuwa sama, da shirin Medicaid na marasa ƙarfi. Kuɗi masu yawa suka kwarara zuwa asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, gidajen suka yawaita, tare da su kuma rahotannin sakaci da cin zarafi suka yawaita. Sai doka ta wajabta wa masu shugabantar irin waɗannan gidaje samun lasisi. Jami'o'i suka buɗe kwasa-kwasai, kuma a wurare da dama malaman zamantakewa masu nazarin tsufa suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin koyarwa.

Ɗalibin wannan fanni yana koyon kasafin kuɗi, da rabon ma'aikata dare da rana, da adana bayanan marasa lafiya, da sayen magunguna, da dokokin inshora. Malamin zamantakewa kuma yana ƙara masa tambayoyin da ba su fitowa a takardar lissafi. Tsoho ba ya zuwa da cuta ɗaya. Yakan zo da hawan jini da ciwon suga da ciwon gaɓɓai da raunin gani, wani lokaci har da mantuwa, kowace cuta da likitanta da maganinta. Wa zai haɗa masa su wuri ɗaya? In an sallame shi, gidan wa za shi? Wace ce ke jinyarsa, kuma ita wa ke kula da ita? Shin ya fahimci abin da aka rubuta masa, ko kunya ce ta sa ya gyaɗa kai?

Akwai misali daga Ingila da ke nuna ƙarfin tsari. A 1935 aka damƙa wa wata likita mai suna Marjory Warren marasa lafiya fiye da 700 a wani tsohon gidan gajiyayyu da ke yammacin Landan, yawancinsu tsofaffi ne da aka kwantar aka yanke ƙauna daga tashinsu. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta rarraba su gwargwadon larurarsu, ta sa aka gyara ɗakuna da haske, aka tashe su daga gado aka koya masu tafiya. Da yawa daga cikinsu suka miƙe har aka sallame su. Ba wani sabon magani ta ƙirƙiro ba. Ta sauya yadda ake kallon tsoho da yadda ake tafiyar da ɗakin da yake kwance, kuma daga aikinta ne fannin likitancin tsofaffi ya kafu a ƙasar.

Shin wannan ya shafe mu?

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, mu muna riƙe iyayenmu a gida. Gaskiya ne riƙon iyaye ni'ima ce da ya kamata mu gode wa Allah a kanta, mu kuma kare ta. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa masu shekaru 60 zuwa sama, waɗanda suka kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma kashi biyu cikin uku nasu za su kasance ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. A nan Afirka ta Yamma, marigayiya Farfesa Nana Araba Apt ta Jami'ar Ghana ta shafe shekaru tana nazarin yadda ƙaura zuwa birane da tsadar rayuwa ke raunana gandun da a da yake ɗauke da tsoho. Najeriya ta buɗe cibiyar likitancin tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012, aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018. Matakai ne na farko, kuma kowane ɗayansu yana buƙatar mutanen da suka karanci aikin.

A nan ne maganar ta taɓa addininmu. Aya ta 23 da ta 24 na Suratul Isra'i sun ambaci halin tsufan iyaye a keɓe, suka hana ko da furucin ƙosawa, suka yi umarni da tausasawa da addu'a. Wannan wajibi ne a kan ɗa, babu hukumar da za ta ɗauke masa. Amma magabata ba su bar nauyin a kan gida kaɗai ba. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga wani tsohon Bayahude yana bara, ya ga ba adalci ba ne a amfana da ƙuruciyarsa a watsar da shi a tsufansa, sai ya sa aka yanka masa rabo daga baitulmali, shi da ire-irensa, aka kuma ɗauke masu jizya. Mai lura zai ga Umar bai tsaya ga taimakon mutum ɗaya ba, tsari ya gyara. Haka asibitin da Sarki Kalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya daɗe yana aiki ne saboda waƙafin da aka tsara masa da masu kula da kuɗinsa da ma'aikatansa. Ibn Khaldun kuwa, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377 ya kuma karantar a Alƙahira har ya rasu a 1406, shi ne ake ambata cikin waɗanda suka fara mayar da nazarin zaman jama'a ilimi mai ƙa'ida. Don haka ɗalibin da aka ba gurbi a sashen zamantakewa kada ya ɗauka an jefar da shi ne don ya rasa likitanci. Malamai sun bayyana cewa duk ilimin da al'umma ba ta wadatuwa da barinsa farilla ce ta kifaya.

Ba duk abin da aka yi a Amurka ne abin koyi ba. Gidajen kula da tsofaffi sun raba mutane da yawa da jikokinsu, kuma su kansu masanan can suna kuka da kaɗaicin da ke damun tsofaffinsu. Abin ɗauka shi ne hanyar aikin: a ƙirga, a tambayi tsohon da kansa, a bambance abin da shekaru suka kawo da abin da sakacinmu ya kawo, sannan a gyara abin da ke gyaruwa.

Abin da za mu iya farawa da shi

Ga ɗalibai, wannan fili ne da har yanzu bai cika ba. Wanda ke rubuta kundin kammala digiri a zamantakewa ko lafiyar al'umma ko gudanarwa zai iya ɗaukar unguwarsu ya bincika: tsofaffi nawa ne, wa ke ciyar da su, nawa suke kashewa a magani a wata, wace ce ke kwana a kansu in ciwo ya tashi. Zai tarar sau da yawa nauyin yana kan mace ɗaya, 'ya ko suruka, wadda babu mai tambayar lafiyarta.

Ga magidanta, a raba jinya tsakanin 'ya'ya maza da mata da adalci, wanda ke nesa ya taimaka da aljihunsa, wanda ke kusa a sauƙaƙa masa. Kada a ɗauki kowane ciwo a ce ai tsufa ne. Yanar ido ana cire ta, hawan jini ana shawo kansa, mantuwar da ta yi tsanani kuma larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke buƙatar likita da haƙuri, ba zargi da tsangwama ba.

Ga kwamitocin masallatai, a duba matakalar ƙofa da wurin alwala, a kuma duba sahun farko da idon basira. Akwai tsohon malamin makaranta da zai iya duba karatun yara, akwai tsohuwar ungozoma, akwai tsohon alƙali da zai iya sasanta ma'aurata.

Dattijon da na fara da labarinsa, bayan ya samu sauƙi kwamitinmu ya roƙe shi ya duba mana littafin asusun masallaci da na Islamiyya. Cikin mako biyu ya warware lissafin da ya shekara yana ba mu wahala, ya kuma zaunar da samari biyu yana koya masu yadda ake rubuta shige da fice. Yanzu kullum bayan la'asar za ka same shi a shirayi da tabarau da biro, yaran nan suna gefensa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya ba mu ikon kyautata masu, Ya sa ƙarshen rayuwarmu ya fi farkonta kyau.